Jar Ƙwaya da Shunayya

Ku 'ya'yana, kun tashi kun tarar ana kirana Ilu Shida, kuma na lura kowannenku da irin bayanin da aka ba shi a waje. An gaya wa Sani wai akuyata ce ta taɓa haihuwar 'ya'ya shida a ciki ɗaya. Hadiza kuwa ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata ubanta ɗan caca ne mai asiri. A lokacin ban iya yi mata bayani ba, don labarin yana da tsawo, ni kuma a baki ba na iya jera magana. Yanzu da hannuna ya saba da biro zan rubuta muku shi a hankali yadda ya faru, har da wurin da ni ne ban kyauta ba.

Sana'ar gidanmu gyaran dutsen niƙa ce. Kakanku, Allah Ya jiƙansa, shi ke fasa dutse a bayan gari ya sassaƙa shi, in kuma na wata ya yi santsi ya daina cin hatsi, a kira shi ya koɗa mata. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin sa da 'yar guduma daga ƙauye zuwa ƙauye tsakanin Bici da Kunci. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma akwai abu ɗaya da yake maimaita mini kullum. Duk dutsen da na gama, sai ya ɗora shi a ƙasa ya danna gefensa da ƙafa. In ya motsa, sai ya dube ni.

"Ina mazauninsa? Ka gyara fuska ka bar gindi yana rawa. Matar da za ta durƙusa a kan wannan, kai za ta zaga, ba dutsen ba. Faɗaɗa ƙasan."

Haka na yi ta faɗaɗa ƙasan dutse har ya zama ba na tunaninsa, hannuna ne kawai ke yi. Da injin niƙa ya shigo garinmu aikin ya ja baya, ya rage sai 'yan ƙananan duwatsun niƙa kayan miya. Na koma gona gaba ɗaya, gero da dawa da gyaɗa, amma yatsuna ba su daina ƙaiƙayin dutse ba. Ko tafiya nake na ga tsakuwa mai kyau sai na tsuguna na ɗauka. Innarku Hansatu ta sha zazzage mini aljihu kafin wanki tana mita.

Kun san Bitrus, wanda kuke ce wa Baba Bitrus. Gidansu na ƙetaren rafi, cikin dangin da kakanninsu ke bin addinin gargajiya, iyayensu kuma suka zama Kirista. Gonarsa da tawa gamba ce kawai ta raba su. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha duka a kan satar mangwaro, ranar da aka haifi Sani kuma shi ya yi gudu a keke ya ɗauko ungozoma. Idan an gama girbi aiki ya lafa, ni da shi da Tanimu mai kanti da Garba Tela mukan zauna ƙarƙashin ɗorawar da ke gaban kantin Tanimu, tsakanin azahar da la'asar, mu buga lido. Ba ma sa ko ƙwandala. Na san akwai malaman da ba sa son wasan ko da ba kuɗi, ban kuma ja da su ba. Mu dai abin da muka riƙe shi ne da an kira salla za a kife allo, Bitrus ma shi ke fara cewa mu tashi.

Wanda bai san lido ba, kowa yana da gida da launinsa da 'ya'ya huɗu a ciki. Da ɗan kofi ake jefa 'yar ƙwaya mai fuska shida, wadda yaran yanzu ke ce wa dayis, kowace fuska da ɗigonta, daga ɗaya zuwa shida. Ɗanka ba ya fita daga gida sai ka jefa shida. In ya fita kuma wani ya sauka a kansa, ya cinye shi, ya koma gida ya sake jiran wata shidan. Shi ke nan wasan, amma za ka ga dattijo mai furfura yana ihu a kansa kamar an kama masa ɓarawo.

A ƙarshen ranin wata shekara Garba ya ja kujerarsa da ƙarfi don murna, ƙafar kujerar ta hau ƙwayarmu ta roba, ta rabe biyu. Tanimu ya ce zai sayo wata in ya shiga Bici. Kafin ya shiga ruwa ya sauka, kowa ya kama gona, aka manta. Ni dai na tsinci guntayen na sa a aljihu, irin halina.

Cikin damina aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya zaizaye kwazazzabon da ke bayan gonakinmu. Da na je duba ko ya ci mini kunyoyin gona, sai na ga wani farin layi na dutsen ƙanƙara ya bayyana a jikin gaɓar, a tsakiyarsa kuma wasu 'yan duwatsu masu tsini suna ƙyalli, launinsu shunayya kamar furen wake. Na ɓamɓaro ɗaya na wanke da yawu na ɗaga wa rana, sai na ga haske yana ratsa shi. Na daɗe a tsaye a wurin, fartanya na kwance a ƙasa. A cikin yashin da ruwan ya tara kuma na samu wani ja mai duhu, mai jijiyoyi farare, irin wanda tsofaffi ke kira aƙiƙ, da wani ruwan ɗorawa kamar daskararriyar zuma. Ina komawa gida da su a hula tunanin ya zo mini: ja, ɗorawa, shunayya da za ta tsaya a madadin shuɗi. Saura kore a samu launin gidajen lido huɗu. Koren kuwa ƙanen Hansatu ne ya ba ni, wanda ya taɓa zuwa haƙar ma'adinai can kudu ya dawo da shi a kwalbar magani. Na ce maimakon ƙwaya ɗaya da za mu riƙa miƙa wa juna, kowa zai samu tasa, launin gidansa.

Hansatu ta dube ni na baza duwatsu a kan tabarma.

"Malam, yanzu kuma miyar tsakuwa za mu sha?"

"Abin lido zan yi."

"To, Allah Ya ba da sa'a. Ka dai bar mini dutsen wasa wuƙata."

Ban bar mata ba. Shi na fara ɗauka, don waɗannan duwatsun ba irin na niƙa ba ne. Guduma ba ta sassaƙa su, tarwatsa su take yi, na kuwa tarwatsa biyu kafin na gane. Ba a saran su, sai dai a cinye su a hankali. Na samu tsohon bakin garma na kwantar da shi, na daka guntun dutsen wasa wuƙa ya zama gari, in barbaɗa a kan ƙarfen, in ɗiga ruwa, in riƙe dutsen da yatsu uku in yi ta gogawa. Ranar da ruwa ya hana zuwa gona, ko bayan na dawo da yamma, ina zaure ina ƙur-ƙur-ƙur. Fuska ɗaya takan ci kwana uku. Fatar yatsuna ta goge har ta daina jin zafin kofin shayi. Idan fuskoki shida sun fito, sai in koma kan fata da toka mai laushi in yi ta murzawa har ya ɗauki ƙyalli. Ɗigon kuwa, ƙusa na ɗaura a jikin kara, na naɗa mata tsirkiya kamar ta baka, ina ja ina turawa tana juyawa, ina sa mata garin nan da ruwa har ta ci rami. Daga nan in cike ramin da farar ƙasa da ƙaro. Guntayen tsohuwar ƙwayar su na riƙa dubawa, a nan na gane cewa ɗaya tana bayan shida, biyu bayan biyar, uku bayan huɗu.

Ta Bitrus na fara yi, jar, don shi ne mai jan gida, kuma na so abokina ya samu ta farko. Da na zo huda, hannuna bai saba ba, sai na ajiye ta ta zauna daram, na fara da abu mai sauƙi, ɗigo ɗaya a fuskar da ke sama. Na bi da ta Tanimu da ta Garba. Tawa shunayya ita ce ta ƙarshe, a lokacin na ƙware har ina jin kaina, na ajiye ta ta zauna, na ce bari in fara da mai wuyar, na jera ramuka shida a sama tsaf kamar shukar gyaɗa. Ban ga komai a cikin wannan ba. Sai da aka yanke gero aka ɗaure dawa sannan na gama.

Ranar da na kwance ƙyallen da na ƙunso su a gaban kanti mutane sun taru kamar an kawo amarya. Tanimu ya ɗaga tasa yana leƙen rana ta ciki. Garba ya sa tasa a baki wai ya ji ko alewa ce. Bitrus ya juya jar a tafin hannunsa, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan makoɗi," haka yake kirana tun muna yara, "ashe kan nan naka ba hula kawai yake ɗauka ba."

Aka buɗe allo. Jifana na farko shida. Na biyu shida. Aka yi shewa. Ranar na ci wasa uku a jere, ni da a da sai a yi mako ban ci ɗaya ba. Washegari haka, jibi haka. Tanimu da Garba suna ɗan taɓukawa, su fita su yi tafiyar kunkuru. Bitrus kuwa 'ya'yansa huɗu na zaune a gida kamar masu takaba. Ya jefa, ɗaya. Ya hura wa kofin iska ya jefa, ɗaya. Ya canja hannu, ya canja wurin zama, ya cire hula, ɗaya. Garba ya samu abin yi.

"Bitrus, ko in ɗinka musu kayan barci ne? Na ga ba su da niyyar fita."

"Kai dai ji da wandon mutane da ka yanke ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Makon farko da dariya aka yi shi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Na ɗauka sa'ata ce ta zo bayan shekaru, har na fara tafiya wajen ɗorawar da wuri ina jiran su. A mako na uku Bitrus ya daina dariya. Wata ranar Talata ya jefa ɗaya sau biyar a jere, ni kuma na jefa shida na cinye ɗansa tilo da ya samu ya fita da ƙyar. Ya ajiye kofin a hankali.

"Ilu, ba ni taka in jefa, kai ka riƙe tawa."

Da na miƙa masa a lokacin, da babu wannan labari. Amma mutane na tsaye a kanmu, kuma na ji kamar ya zagi aikin hannuna.

"Kowa da tasa. Kwana ashirin na yi ina goga maka wannan. In hannunka ba shi da sa'a, laifin dutse ne?"

"To me ka sa a cikin taka da ba ka so a taɓa?"

Wani daga baya ya ce subhanallahi. Na ce masa in yana nufin asiri na yi ya fito fili ya faɗa. Ya ce shi bai ce ba, amma dutse ba ya zaɓen mutum da kansa. Ya ɗora jar ƙwayar a tsakiyar allo, ya karkaɗe rigarsa, ya hau kekensa. Bai waiwayo ba.

Gari ya goyi bayana, kuma wannan ne ya fi damuna daga baya. Aka ce Bitrus ba ya iya ɗaukar kaye, an yi masa kyauta ya saka da ƙazafi. Da farko ina jin sanyi in an faɗa. Sai maganar ta fara canja kama. A bakin masallaci na ji wani yana cewa ai mutanen ƙetaren rafi haka suke, ba a iya musu. Wanda ya faɗa kuwa, Bitrus ne ya kai masa matarsa asibiti shekara guda kafin nan. Ladi matar Bitrus, wadda ba ta kwana uku ba ta leƙo Hansatu ba, ta ɗauke ƙafa. Mun haɗu da shi a kan iyakar gona ina kwasar kara, ya ce sannu, na ce yawwa, kamar baƙi a tasha. Ga Kirsimeti saura kwana goma sha biyu. Shekara ashirin ni nake yanka masa akuyar Kirsimeti, don maƙwabtansa Musulmi su ci abincin gidansa hankali kwance, kuma tun saura mako biyu yake aiko mini in wasa wuƙa. Wannan karon ba aike. Hansatu ta ji a bakin rijiya cewa yana tunanin kai akuyar wajen mahauci a Kunci.

A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, wanda Malam Nuhu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, yake koyar da mu bayan la'asar sau uku a mako. Ba mu kai ga haɗa kalmomi sosai ba, amma mun iya rubuta lambobi. Wata safiya da hantsi ina zaure da littafina ina kwafar su, ƙwayoyin biyu, jar da shunayyar, suna gefe a kan faifai, don Tanimu ya aiko mini da ta Bitrus. Hansatu ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya. Ta ɗauki shunayyar ta sake ta a kan faifan. Shida. Ta sake. Shida. Ta ɗauki jar. Ɗaya.

"Malam, ni fa ban da asiri, ga shi ta ba ni shida."

"Sa'ar gidan ce."

"To ita jar ba a gidan take ba?"

Sai na buɗe sabon shafi na rubuta ɗaya zuwa shida a jere a sama, da irin rubutuna na lokacin mai kama da tafiyar kaza. Na ce ta yi ta jefawa, duk lambar da ta fito in ja mata sanda a ƙarƙashi. Ta ajiye tsintsiya ta zauna. Muka yi ta yi har rana ta take, wake na kan wuta yana ƙonewa ba mu sani ba. Da muka tsaya, a shafin shunayya sandunan da ke ƙarƙashin shida sun gangara har ƙasan takarda sun juya gefe, sauran lambobin kuwa 'yan tsiraru. A shafin ja, ɗaya ce ta cika, shida kuwa sanduna uku kacal. Wannan ne karo na farko da rubutu ya gaya mini abin da ban sani ba, kuma ban ji daɗin abin da ya gaya mini ba.

Hansatu ta ɗauki shunayyar ta kawo ta dab da idonta, ta juya, ta ajiye, ta danna gefenta da ɗan yatsa. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah, Malam! Dutsen niƙa ka yi! Dubi gindinta, ya fi kanta faɗi. Kai komai ka taɓa sai ka yi masa mazauni. Ko murhun da ka gina mini haka yake."

Na karɓa na auna da zaren tsintsiya. Gaskiyarta. Fuskar ƙasa ta fi ta sama faɗi da abin da bai wuce kaurin farce biyu ba, amma ya isa. Duk huɗun haka na yi su ban sani ba. Ƙwaya kuwa ba a so ta san inda za ta zauna. Tawa in ta zauna a gindinta shida ke sama, ta Bitrus in ta zauna ɗaya ke sama. Da hannuna na ɗaure abokina a gida mako uku, ina kuma yi masa dariya.

Zan gaya muku abin da zuciyata ta fara raya mini, don kada ku ɗauka ubanku waliyyi ne. Ta ce in yi shiru, in goge gindin duka biyun a ɓoye, kwana huɗu ya isa, in mayar. Wasa zai daidaita, ba wanda zai sani, sunana na gwanin dutse yana nan. Na faɗa wa Hansatu haka. Ta daina dariya.

"Shi kuma mijin Ladi ya ci gaba da zama mai ƙazafi ke nan? Ai gaskiya ya faɗa, akwai abu a cikin dutsen. Kai ne dai ba ka san ka sa ba."

Ta tashi ta tafi wajen wakenta. Na zauna da littafin a cinya har aka kira azahar. Abin da ya fi yi mini nauyi ba neman gafarar Bitrus ba ne, wannan mai sauƙi ne, mun sha yi. Tsayawa a gaban Garba Tela in ce ni, ɗan gidan masu dutse, na kasa yin fuska shida daidai, shi ne ya tsaya mini a wuya. Amma a gaban mutane aka ce masa maƙaryaci, don haka a gaban mutane ya kamata a wanke shi.

Na haye rafi na same shi yana gyaran danga. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na ce ya zo gaban kanti yanzu, akwai abin da zan nuna. Ya ce ya daina lido. Na ce ba wasa zai yi ba, kallo zai yi. Ya biyo ni yana tura keke. A gindin ɗorawa na sa Tanimu ya kira duk wanda ke kusa, har da mutumin bakin masallacin nan. Na buɗe littafina na nuna musu sandunan. Na ba Garba shunayyar ya jefa da hannunsa, na ba shi jar ya jefa. Sannan na jera su a kan allo na nuna gindin kowace.

"Jama'a, Bitrus bai yi mini ƙazafi ba. Ba asiri, amma akwai aibi, kuma daga hannuna yake. Ya nemi mu musanya na hana shi. Duk wanda ya faɗi magana a kansa ko a kan mutanen gidansu saboda ni, ya janye, ni na jawo."

Garba ne ya fara. Ya faɗi daga kan benci yana dariya yana buga ƙasa.

"Dutsen niƙa! Mako uku ana niƙa mu da dutsen niƙa! Ilu Shida, Allah Ya ja zamaninka!"

Sunan da kuka ji ke nan, a nan aka raɗa shi, kuma ban taɓa samun ranar hutu daga gare shi ba. Mutumin bakin masallaci ya matso ya ba Bitrus hannu yana sunkuyar da kai. Bitrus kuwa bai yi dariya ba tukuna. Ya ɗauki littafin ya duba sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni."

"Shidan taka a juye take, ta zama tara." Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Na ji, na yafe. Wuƙarka kuma ka wasa ta, akuyar bana tsohuwa ce. Amma ba a gama ba. Daga yau har ranar Kirsimeti, ni ke jefa shunayya, kai ke jefa ja. Ba gogewa, ba gyara."

Jama'a suka ce hukunci ya yi. Na ce na karɓa. Ban san cewa shunayyar ta tafi ke nan ba. Bayan Kirsimeti na nemi ya ba ni in gyara, ya ce a'a, Ladi ta sa ta a cikin kabad tare da kwanukan aurenta, in baƙi sun zo ana fito da ita a ba su labari. Na yi ƙwayoyi da yawa tun daga nan. Na huda rami mai kusurwa huɗu a jikin faifan ƙarfe, kowace ƙwaya sai ta ratsa shi ta kowane gefe kafin in yarda da ita, kuma sai Hansatu ta jefa na ja sanduna. Amma ban sake samun dutse mai ruwan wancan ba. Na koma kwazazzabon ya fi sau goma, layin ya ƙare.

Kwanakin hukuncin nan kuwa ba zan manta da su ba. Labari ya zaga, mutane suka riƙa zuwa daga unguwanni kallon Ilu a ɗaure. Mai rake ya dawo da baronsa gindin ɗorawa saboda ciniki. Bitrus yakan zo da sabuwar hula, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya jefa shida kamar yana zuba gyaɗa, ya ce mini sannu da zama. Ni kuwa ɗaya, ɗaya, wani lokaci biyu don a ɗanɗana mini. Garba ya kawo guntun atamfa ya lulluɓe 'ya'yana huɗu wai kada sanyi ya kama su. Kwana tara ina shan wannan, in na ci sa'a ɗa ɗaya ya leƙo waje kafin a tashi.

Ranar jajibirin Kirsimeti aka buga wasa biyu ko ƙofa ban leƙa ba. A na uku, saura kaɗan a kira la'asar, na girgiza kofi ba tare da wani fata ba na kife. Jar ƙwayar ta gangara, ta bugi gefen allo, ta yi rawa a kan kusurwa kamar mai shawara, ta faɗi. Shida. Wurin ya kaure da ihu. Tanimu ya fito daga kanti da mudu a hannu, mai rake ya jefa hularsa sama, Garba ya yaye atamfar yana guɗa kamar mace. Na ɗauki ɗana da yatsu biyu na fito da shi na ajiye a bakin ƙofa, na jefa ta biyu na samu ɗaya, na matsa da shi taki guda. Na gyara zama ina duban jama'a.

Bitrus yana da ɗa a bayana, taki shida daidai tsakaninsu. Kowa ya gani. Ya ɗauki shunayyar ya hura mata iska, ya dube ni da tausayi.

"Ɗan makoɗi, ka san ba ni ba ne. Kai ka yi ta."

Ya jefa. Ban ma duba allon ba, na miƙa hannu na ɗauki ɗana na mayar da shi gida da kaina. Garba ya sake lulluɓe shi. Ladan ya kira salla, Bitrus ya kife allo yana share hawayen dariya, ya ce in zo da sassafe da wuƙata, kuma in zo da Hansatu, Ladi ta ce ita kaɗai ba za ta iya da tukunyar shinkafar ba.